Launin Ammu Idrisu

Samarin da ke leƙowa shagonmu a unguwar Bani Malik ta Jidda yanzu, musamman masu son shiga harkar fim da talla, tambayarsu ɗaya ce: me ya rage a aikin hoto tunda waya tana yin komai? Ba ni da saurin baki, don haka yawanci murmushi nake yi in ci gaba da abin da ke gabana. Amma karatun da nake yi da yamma ya saba mini da zama in rubuta abu a tsanake, to bari in ba ku amsa sau ɗaya a rubuce. Shekara goma sha bakwai ke nan ina wannan aiki, kuma har yau akwai abin da ban gane ba a cikinsa.

Hoton farko da aka bar ni na ɗauka ni kaɗai na iƙama ne, wato katin izinin zama. Wani dattijo mai dako daga Khumra, baƙi wuluk, ya sa farin tob, doguwar rigar nan ta Larabawa, sabo fil, a bayansa ga farin ƙyalle kamar yadda hukuma ke so. Na saita, na danna. Da hoton ya fito a kwamfuta, tob ya yi kyau har ana ganin ɗinkin wuyansa, amma fuskar ta zama rami, sai fararen idanu biyu. Usta Bakur, mai shagon, wanda ya ɗauke ni aiki ina ɗan shekara goma sha biyar saboda abotarsa da mahaifina Malam, ya leƙo ta bayana ya ce, “Ma sha Allah, ka ɗauki hoton riga. Yanzu saura mutumin.”

Ranar ya nuna mini abin da wayarku ba za ta gaya muku ba. Kyamara in ta ga fari da yawa sai ta rage haske don kada rigar ta ƙone, fuska kuwa ko oho. Sabon shiga yakan ƙara ƙarfin fitila, sai goshi ya yi ƙyalli kamar an shafa mai, rigar ta zama farar takarda. Baƙar fata ba ƙarfin haske take so ba, faɗinsa take so. Ka kawo babbar lemar fitila kusa da mutum, ta gefe, ka sa farin kwali ƙarƙashin haɓa, ka goge gumi da auduga, ka jira ya saki numfashi. Sannan za ka ga abin da muke kira baƙi ba abu ɗaya ba ne. Wani da ja a ƙarƙashinsa, wani da shuɗi, wani kamar ƙasar da aka yi wa yayyafi. Mutum ɗaya ma goshinsa daban, kumatunsa daban, gefen wuyansa daban. Tun daga lokacin na fara riƙe ɗan littafi, ina rubuta nisan lema da tsayin kujera da ƙarfin fitila na kowane hoto. Usta yana yi mini dariya, wai na mai da shago makaranta.

Dokoki biyu ne a shagon Usta. Ta farko muna ce mata haske biyu. Bayan ka sha wahala ka fito da fuskar mutum yadda Allah ya yi ta, sai ka buɗe ta a kwamfuta ka ɗaga hasken fata taki biyu kafin ka buga. Ba a tambayar mai hoto, don kowa haka yake so, wanda bai samu ba ma dawowa yake yi. Uwa mai neman wa ɗanta aure takan ce a ƙara kaɗan. Wani saurayi mai neman aiki a otal ya taɓa tsayawa a kaina yana cewa, “Ƙara, ya akhi, ƙara. A gaban otal nake so a sa ni, ba a kicin ba.” Sai da na yi shekara biyu kafin na iya tambaya.

“Usta, wannan ba ƙarya muke yi ba?”

“Ƙarya? Ya waladi, mai aski ƙarya yake yi? Mai guga fa? Mutum ya zo a gyara shi, ka gyara shi. Yalla, akwai mutane a waje.”

Doka ta biyu ita ce goge asali. Hotunan mata ne suka jawo ta: ba magidancin da zai yarda fuskar iyalinsa ta kwana a kwamfutar wani, don haka da an buga sai a goge komai a gaban mai hoto, a katin kyamara da kwamfuta duka. Usta ya ce doka ba ta da mace ba ta da namiji. Abin ya bi hannuna har ban san ina yi ba: ɗaga biyu, buga, goge.

Hoton da nake so in ba ku labarinsa na Ammu Idrisu ne. Shi ne shugaban makaɗan mizmar na unguwar Madain Fahd, rawar nan ta sanduna da maza ke yi suna kewaya wuta. Kakansa daga ƙasar Hausa ya zo aikin hajji da ƙafa, bai koma ba. Ba bikin da ake ji da shi a kudancin Jidda da ba a kira Ammu Idrisu ba. Manyan gidaje ma suna kiransa, ya yi kiɗa har masu gida su jiƙe da gumi, sannan a kai masa abincinsa can bayan rumfa. Ya zo shagon wata safiya da gangarsa a hammata da rawaninsa ruwan ɗorawa irin na mutanen Hijaz, wai ’yarsa Nawal ta dame shi ba shi da hoton kirki a gida.

“Yi sauri, ɗan Malam,” in ji shi. “Gangar nan ba ta son sanyin na’urarku, fatarta saki take yi. Ni ma haka.”

Na ba shi lema ta hagu, na matsar da kwali, na ce ya ɗora hannu a kan gangar. Ya ɗan karkata kai kamar yana sauraren wani abu daga nesa, na danna. Ban taɓa ɗaukar hoto kamarsa ba, kafinsa ko bayansa. Na tsaya ina kallonsa a kwamfuta kamar minti biyu. Sannan hannuna ya yi abin da ya saba. Na ɗaga biyu, na buga babba guda ɗaya, na goge asali. Ya karɓa a cikin ambulan bai buɗe ba, ya sa mini albarka ya fita.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe shago wata da watanni, aka daina biki, kuma mai hoto da makaɗi in babu biki babu su. Usta ya sayar da fitila biyu cikin huɗu. Ni na koma taya wani ɗan uwanmu kai kaya gida-gida. A cikin wannan shekarar Ammu Idrisu ya rasu, mutum kaɗan ne aka bari suka raka shi.

Da gari ya buɗe, sai na tarar aikin ya juya mini. Wasanni da bukukuwan gargajiya sun cika gari, mizmar da ake yi a fili bayan gidaje ya hau dandamali, yana fitowa a talla, baƙi daga ƙasashen waje suna ɗaukarsa a waya. Samarinmu suka fara zuwa da gashi a tsefe suna cewa, “Kar ka taɓa mini launi.” Wani ma da kamfanin talla ya nema ya ce in ƙara masa duhu, wai irin wanda suke so ke nan. A safiya ɗaya sai in ɗaga wa wani biyu in sauke wa wani biyu, a kujera ɗaya, da fitila ɗaya. Na tambayi Usta wanne ne daidai yanzu. Ya ce wanda mai hoto ya fita yana murmushi.

Wata ranar Lahadi wani mutum ya shigo, ya ce sunansa Ustaz Majid, daga wani kamfani mai shirya bikin gargajiya a tsohon gari, wato Balad. Za su rataya manyan hotunan mashahuran makaɗan da suka rasu, kowane da sunansa a ƙasa. Nawal ta ba su hoton babanta, sun ga hatimin shagonmu a baya. Ya ajiye shi a kan tebur.

“Wannan ba zai yi ba. Kowa ya ce mini mutumin baƙi ne sosai. Muna so mutane su ga su wane ne suka riƙe wannan kiɗa, an daɗe ana ɓoye su. Ku ba ni na asali.”

Na ce babu na asali.

“To ku mayar da shi yadda yake. Ranar Alhamis da safe za a buga. In bai samu ba, ma fi mushkila, ba damuwa, ina da wani.”

Ya nuna mini wayarsa. Wani makaɗi ne da ya samo a intanet, ba riga, da duwatsu a wuya, da wata doguwar ganga da ba a taɓa gani a Jidda ba. Na ce wannan ai ba shi ba ne, ba ma ɗan ƙasar nan ba ne.

“Hoton zai kai tsayin bene biyu, daga nesa za a gani. Baƙi ne, da ganga. Wa zai bambance?”

Mutumin ba da mugunta yake magana ba. Shi ne na farko da na ji ya damu a ga Ammu Idrisu da launinsa, kuma shi ne ke shirin sa fuskar bare a kan sunansa. Usta ne ya amsa masa, ya ce ya dawo Alhamis.

Ku da kuke cewa abin danna waya ne, ga inda za ku saurara. Hoton da aka ɗaga wa haske aka buga, in ka sauke shi ba ya komawa inda ya fito. Jan da ke ƙarƙashin fata ya riga ya tafi. Abin da za ka samu toka ne, kamar mutum ya kwana a murhu. Na gwada duk ranar Litinin, kowane ya fi na baya muni. Sai na ce a nemo mini wani hotonsa in ɗebi launi. Nawal ta kawo na iƙamarsa: namu ne. Ta kawo na bikin ƙanenta: namu ne. Na wayoyin mutane kuwa duk a bakin wuta aka ɗauka, kowa a ciki ja ne kamar garwashi. Ina zaune da hotunan nan a gabana sai na tuna yawan mutanenmu da suka zauna a kujerar nan tun kafin a haife ni. Duk wanda zai nemi kamannin kakansa nan gaba, a wurinmu zai samu, kuma taki biyu muka matsar da kowa.

Ranar Talata bayan la’asar na buga fuskar kashi shida, daga mai haske zuwa mai duhu, na sa musu lamba, na jera a tebur. Nawal ta zo da mahaifiyarta, Khala Zainabu, da wani tsohon abokin kiɗansa, Ammu Sale. Na ce kowa ya nuna wanda ya sani.

Nawal ta ɗora yatsa a kan na biyu. Usta ya gyara tabarau ya ce na huɗu. Ammu Sale ko dubawa bai yi sosai ba, ya buga na shida da sandarsa.

“Haba Ammu!” in ji Nawal. “Babana ne fa, ba gawayi ba.”

“Ke a ɗaki kika san shi, ’yata, mu a rana muka san shi. Idrisu ya fi ni baƙi, kuma ki dube ni da kyau.”

“Wallahi bai fi ka ba.”

“Shekara arba’in ina tsaye a gefensa. In wuta ta mutu, da haƙoransa muke gane inda yake.”

“Kai dai Sale ba ka gani tun kafin korona,” in ji Usta. “Na huɗu ne. Ni na ɗauke shi hoton iƙama sau nawa.”

“Kai da ka mai da mu duka Turkawa, kai ne za ka ba da shaida?”

Suka juyo gare ni, wai ni na ɗauka, ni zan raba. Na duba shidan nan. Na kalli mutumin nan minti biyu cur a kwamfuta, na san inda inuwa ta faɗi a kuncinsa, na rubuta nisan lemarsa a littafi. Amma launin ya ɓace mini. Duk wanda na kalla sai in ga kamar shi ne, in na matsa gaba sai in ga kamar wancan ne.

Sai Khala Zainabu ta matso. Ta tattara takardun shida ta kife su.

“Ku kira Usmanu,” in ji ta.

Usmanu shi ne ɗansu namiji, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Khumra. Tun yana makaranta ya ƙi ganga saboda sunan rainin da yara ke kiransa da shi a kan sana’ar babansa, kuma har babansa ya rasu ba su gama shiryawa a kan maganar ba. Ya zo Laraba lokacin hutun azahar da rigar aiki. Yana jin Hausa sarai, amma in zai yi ta sai ya haɗa da Larabci.

“Ya ummi, ni ma li shugul da ganga, babu ruwana da ita. Na faɗa tun zaman, tun tuni.”

“Ba kiɗa aka ce ka yi ba. Zama za ka yi.”

“A rataye ni a Balad kowa yana kallo? Abadan.”

“Ba kai za a rataya ba, fatarka za a ara. Ta ubanka ce, ai ba kai ka saya ba. Zauna.”

Ya zauna. Na buɗe littafina na nemo ranar, na mayar da kujera tsayinta na wancan lokaci, na sa lema ta hagu a nisan da na rubuta, na kawo kwali. Na miƙa masa auduga ya goge fuska. Bai kalli kyamara ba, ƙasa yake kallo, sai da uwarsa ta ce ya ɗaga kai. Da hoton ya fito, Khala ta ja kujera ta zauna kusa da ni, abin da ba mace da ta taɓa yi a shagon.

“Goshin nan ba na ubansa ba ne, ranar sito ce ta ƙona shi. Ɗauki kumatu. A’a, ƙasa kaɗan. Nan. Wuyan kuma na dangina ne, bar shi.”

Haka muka yi har la’asar. Ina ɗibar launi daga fuskar ɗan ina shimfiɗawa a ta uban, kaɗan-kaɗan, ina bin kowace tamoji don kada ta cike. Ita tana cewa ƙara, rage, tsaya. Usmanu ya ce zai koma aiki, amma bai tafi ba. Yana tsaye a bayanmu har muka gama, sannan ya ce da ni, “Ib’at li nuskha,” wato in tura masa kwafi, ya fita da sauri.

Ranar da aka buɗe bikin mun je kafin magariba. Hoton yana rataye a jikin wani tsohon gida, rawani a sama, hannu a kan ganga, sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ustaz Majid ya riƙe hannuna da hannu biyu yana cewa wannan shi ne asali. Ammu Sale ya ɗaga kai ya daɗe, ya ce, “Ya kusa.” Nawal ta ce ya yi duhu, amma ta tsaya a ƙarƙashinsa ta sa aka ɗauke ta. Usmanu yana can tsallaken titi, hannu a aljihu.

Na yi ta juya tambayar a bakina kafin na matsa kusa da Khala Zainabu.

“Khala, shi ne?”

Ta kalli hoton ta cikin nikabi.

“Rabi shi, rabi ɗansa. Ba bare ba ne dai, alhamdu lillahi.” Ta juyo gare ni. “Wancan na farkon yana wurinka ko? Ka dawo mini da shi. Kar ka gyara komai.”

Na ce ai wancan shi ne wanda na ɓata, in ta yarda in buga mata wannan sabon, babba, in sa a gilashi.

“Na san ka ɓata. Shi ma ya sani. Ranar da ya kawo shi gida ya buɗe ambulan, dariya ya yi har ta sa shi tari. Ya ce, Zainabu zo ki gaida ƙanena wanda bai taɓa shiga rana ba. Ya rataye shi a majalisa, ɗakin baƙi. Duk baƙon da ya zo sai ya gabatar da shi, wai wannan shi ne mai arzikin gidan, a ofis yake aiki.”

“Me ya sa bai dawo da shi ba? Da na sake ɗaukarsa.”

“Na ce masa. Ya ce yaron nan na Malam kunya gare shi, in na koma sai ya kwana uku bai ci abinci ba.”

Aka fara kiɗa a dandamali, ta ja hannun Nawal suka matsa gaba.

Ranar Asabar na kai mata shi, ban taɓa komai ba sai ƙurar gilashin da na goge. Wanda muka yi wahalarsa kwana huɗu ya yi kwana goma a bango, aka gama biki aka naɗe shi, ban san inda kamfanin ya kai shi ba. Wanda na ɓata yana nan a majalisa a Madain Fahd. Jikokin da ba su riski Ammu Idrisu ba, shi suke nunawa in an ce ina kakanku.